Ina Kuɗin Katina Suka Tafi?

A shagon cajin waya na unguwarmu kullum sai na ji wani yana ƙorafi: "Na sa katin ɗari biyar, ban kira kowa ba, ya ƙare!" Yawanci waƙar jiran kira ce, ko saƙon labarin ƙwallo da ka taɓa amsawa, suke sabunta kansu suna cin kuɗinka shiru. Bashin kati ma ba alheri ba ne: ka ranci naira 100, a ba ka 85, ka biya 100 cif. Ga kuma ƙarin kashi 50 kan kuɗin kira da data da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi a Janairun 2025.

Riƙa duba kuɗinka da *310#. Tura STOP zuwa 2442 don toshe saƙonnin talla. In ka kai ƙorafi kamfani ya yi biris da kai, kira NCC a 622, kyauta ne.