SABON DOKI YA SAKE HALI: ME ZA A YI?

'Yan'uwa manoma, a wannan fitowa za mu ɗan ajiye zancen taki da iri, mu yi maganar doki. Wani zai ce, ina ruwan manomi da dokin sukuwa? Ruwansa da yawa. Harawa da gero da dusar da dawakin birnin Zariya ke ci, daga gonakinmu suke fitowa. Samarinmu da yawa suna aikin barga a gidajen masu dawaki na Ƙofar Galadima da Ƙofar Doka da sauran unguwannin cikin ganuwa. Akwai kuma 'yan ƙungiya waɗanda sukan haɗa kuɗi su sayi doki, su kiwata shi, su sayar wa masu hawan Sallah, ko 'yan sukuwa, ko masu wasan folo.

Ga kukan da akan yawaita ji. An sayo doki daga kasuwar Maigatari ko ta Mai'aduwa. Ranar ciniki lafiyayye ne, ko yaro zai ja shi. Bayan mako ɗaya ko biyu sai ya soma cizo da harbi, ya ƙi sirdi, ya yi turjiya, ko ya yi tutsu ya ka da mahayi. Nan da nan sai a ce dillali ya yi cuta, ko an yi wa dokin sammu, sai a ɗauko bulala. Kada mu yi gaggawa. Doki ba ya sake hali haka kawai. Akwai dalili, dalilin kuwa yawanci ɗaya ne daga cikin huɗun nan: ciwo, abinci, baƙunci, ko kuwa wani abin da aka ɓoye ranar ciniki. A bi su ɗaya ɗaya, bisa ga wannan jeri.

NA FARKO: A NEMI CIWO TUKUNA

Doki ba shi da bakin faɗin inda ke yi masa zafi. Cizo da harbi su ne maganarsa. Saboda haka a sauke sirdi, a daina hawansa, a duba waɗannan wurare:

1. Baki. Turamen haƙoran doki suna ta fitowa shekara da shekaru, gefensu yakan yi kaifi ya yanki kumatu da harshe. Dokin da ke tsakanin shekara 2 da rabi da shekara 5 kuwa yana cikin famfara, bakinsa da tsami. Linzaminmu na gargajiya mai zobe yana da ƙarfi ƙwarai. In dokin ya saba da linzami mai sauƙi a hannun mai shi na dā, aka sa masa namu, dole ya riƙa kaɗa kai yana miƙewa a ƙafa biyu. Alamar ciwon baki ita ce zubar da hatsi sa'ad da yake ci, da yawu mai yawa, da wari.

2. Baya. A bi gadon baya da tafin hannu a hankali, ana dannawa. In ya lanƙwashe ko ya kwantar da kunne, akwai ciwo. Sirdin katako wanda ya zauna daidai a kan wani doki ba lalle ya zauna a kan wannan ba. A duba ƙarƙashin zubka da inda majayi ke bi, ko akwai miki ko kumburi.

3. Ƙafa. A ɗaga kofato huɗu duka, a tsabtace, a nemi ƙusa ko tsakuwa ko ruɓa. A ja shi a ƙasa mai tauri a ga ko yana ɗingishi. Kofato yana bukatar gyara kowane mako 6 zuwa 8.

4. Ciki. Doki ba ya iya amai. In yana waiwayen cikinsa, yana tonon ƙasa, yana kwanciya yana birgima, yana gumi, ciwon ciki ne, yana kuwa kisa cikin sa'o'i kaɗan. A janye abinci, a kira likita nan take.

5. Zafin jiki. Kowace ƙungiya ta sayi ma'aunin zafi. Lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5. Zuciyarsa takan buga sau 28 zuwa 44 a minti ɗaya in yana hutawa. A ɗaga leɓe a dubi dasashi. In ya yi rawaya kamar na mai shawara, fitsari kuma ya yi duhu, a yi zaton zazzaɓin da kaska ke kawowa. Dawaki da yawa suna ɗauke da shi a ɓoye, wahalar doguwar tafiya a mota ce ke tayar da shi.

CUTUTTUKA BIYU MASU HATSARI

Akwai cuta biyu waɗanda sukan fara da sake hali, ya kamata kowane ɗan barga ya san su.

Ta farko ita ce haukan kare. Doki yakan kamu in mahaukacin kare ya cije shi, alamun kuwa ba sa fitowa sai bayan makonni, wani lokaci watanni. Watau ana iya sayen doki da cutar a jikinsa ba wanda ya sani. In doki yana dalalar da yawu, yana cizon jikinsa ko turke, yana tangaɗi, ya kasa haɗiya, kada kowa ya sa hannu a bakinsa. A keɓe shi, a kira likitan dabbobi. In ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti a ranar. In alamu sun riga sun fito, ba magani, ko ga dabba ko ga mutum.

Ta biyu ita ce tetanas, wadda ke shiga ta rauni, musamman sukar ƙusa a kofato. Jiki yakan sandare, wutsiya ta ɗaga, muƙamuƙi ya ƙulle, ƙara kaɗan ta firgita shi. Akwai allurar rigakafinta.

Mu a Zariya mun yi sa'a. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da asibitin koyar da likitancin dabbobi a Samaru. Akwai kuma ma'aikatan dabbobi na gwamnati. Kada a tsaya ga mai sayar da magani a kasuwa.

NA BIYU: ABINCI

Nan ne mu manoma muka fi shiga. Dokin da ya fito daga karkarar Nijar ko Cadi ya saba da yawo yana kiwo yini guda. Sau da yawa yakan iso a rame, ga gajiyar hanya, shi ya sa ya zama kamar salihi. Mai saye yana so ya ga ya murje kafin Sallah, sai ya ɗaure shi a turke ya cika masa gero safe da yamma. Ƙarfi ya dawo, ba aikin yi. Ina ƙarfin zai tafi in ba harbi da tsalle ba?

Tumbin doki ƙarami ne, an yi shi domin ciyawa kaɗan kaɗan dukan yini. Hatsi mai yawa da ciyawa kaɗan sukan kawo gyambon ciki, wanda ya yi yawa ƙwarai a cikin dawakin sukuwa. Doki mai gyambo yakan ciji mai ɗaura masa majayi. Ga ƙa'ida:

1. Ciyawa da harawa su ne tushen abinci. Doki mai nauyin kilo 300 yana bukatar busasshiyar ciyawa da harawa wajen kilo 5 kowace rana.
2. In hali ya ɓaci, a rage hatsi da rabi ko fiye, a ƙara ciyawa. Abin da ya rage a raba shi sau uku.
3. Kada a sake abinci dare ɗaya. A tambayi abin da yake ci a dā, a riƙa haɗawa da sabon har kwana 10 zuwa 14.
4. Ruwa mai tsabta kullum. Da bazara doki yana iya shan lita 40 ko fiye.
5. Kada a ba doki masara mai fumfuna, gama dafinta yana lalata ƙwaƙwalwa, dokin ya riƙa kewaya kamar makaho har ya mutu. Kada a ba shi abincin kaji, domin wani maganin da akan zuba a ciki dafi ne ga doki. Kada a bar shi ya ci gyauron dawa.

Ku da kuke sayar da harawa da hatsi, wannan amana ce a wuyanku. Abin da ya jiƙe ya yi fumfuna ba na sayarwa ba ne.

NA UKU: BAƘUNCI

Doki dabban garke ne, matsoraci kuma. An raba shi da 'yan'uwansa, an kawo shi lungun birni mai babura da yara da ƙarar injin niƙa. Bai san muryar sabon ɗan barga ba. In ingarma ne kuma aka ɗaure shi kusa da wani ingarma ko goɗiya, faɗa ba makawa.

Da farko a keɓe shi mako 2 zuwa 3, da bokitinsa dabam, amma inda zai iya hango sauran dawaki daga nesa. Mu tuna da murar dawaki wadda ta ɓarke a jihar Sakkwato da ƙasar Nijar a ƙarshen 2018 da farkon 2019, ta kashe jakuna masu yawa. Mutum ɗaya ya riƙa kula da shi, a kan lokaci ɗaya kullum. Doki ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, saboda haka a zo masa ta wajen kafaɗa, ana magana. A fitar da shi kilisa kowace safiya, da farko ana jansa da ragama, daga baya a hau. In ya yi daidai, a sassauta linzami nan take, gama ta haka yake gane abin da ake so. Dukan da ya zo bayan laifi ya wuce ba ya koya masa kome sai tsoro.

Hawan Sallah a Zazzau, da Hawan Bariki da Hawan Daushe, ba wurin gwajin sabon doki ba ne. Akwai bindigogi da tambura da kakaki da algaita, ga dubban mutane, ga yara a bakin hanya. Dokin da ya ƙwace a nan zai iya kashe rai. A fara sabar masa da kiɗa daga nesa, ana matsowa kaɗan kaɗan, a sa masa kayan ado ɗaya bayan ɗaya, a haɗa shi da tsohon doki mai natsuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. In bai natsu ba, ya jira Sallah mai zuwa.

NA HUƊU: KO AN ƁOYE WANI ABU?

Gaskiya ne akwai marasa amana waɗanda sukan yi wa doki allurar kwantar da hankali ko ta kashe zafi kafin kasuwa, ko su hana shi ruwa domin ya yi laushi. In maganin ya sake shi, sai ainihin hali ko ɗingishi ya fito. Amma kada a fara da zargi. A koma wurin dillali cikin ladabi, tare da shaidun ciniki, a tambaya: wane linzami ya saba da shi, wa ke hawansa, me yake ci, ya taɓa ciwo? Sau da yawa amsar tana nan. In likita ya tabbatar da tsohon aibi, sai shugabannin ƙungiya da na kasuwa su zauna a sasanta.

Domin gaba, kada ƙungiya ta sayi doki sai ta gan shi sau biyu a ranaku dabam, an sa masa sirdi an hau a gabanta. A tafi da wanda ya san dawaki. A rubuta sharaɗin kwanakin gwaji a takarda kafin a biya kuɗi da la'ada.

Sakatarorin ƙungiya, ku karanta wannan a taronku na wata, ku kuma kai wa samarinmu da ke aikin barga. Wanda dokinsa ya sake hali ya rubuta ranar da abin ya fara, da abin da aka canja a makon nan, ya nuna wa likita. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu.