Makero Mai Ƙin Jin Magani

Darasinmu na yau a kan makero ne da dalilin da ya sa wani lokaci yake ƙin jin magani.

Mene ne ke kawo makero? Wata ƴar ƙwayar cuta ce, dangin fumfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya daɗe. Ana ɗaukarta ta askar wanzami, da hula, da mataji, har da jikin dabbobi. Ita ke cinye gashin kan yaro.

Makeron kai ba ya warkewa da man shafawa kaɗai. Sai an sha ƙwayoyi, sau da yawa sati 6 zuwa 8. To, da ƙaiƙayi ya lafa, wasu sai su daina. Nan kuskuren yake.

Ku dubi gona. In manomi ya bar ƙuduji kaɗan bai cire ba, baɗi sai ya cika gonar. Haka cutar take. Magani yana fara kashe raunanan ƙwayoyin cuta. In an tsaya a tsakiya, masu taurin kai su ne za su saura su hayayyafa. Daga nan maganin jiya ba zai ci su ba.

Wannan ya riga ya faru a ƙasar Indiya. Mutane sun yi ta sayen wani man shafawa mai haɗe-haɗe, wanda ke kwantar da ƙaiƙayi amma bai kashe cutar. Sai wani irin makero ya yaɗu, wanda sau da yawa sanannen magani ba ya yi masa komai. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ire-iren fumfuna 19 masu haɗari ga mutane. Kuma magungunansu ba su da yawa.

Saboda haka, ƴan uwa:

Mu kai yaro gidan likita, kada mu sayi magani wurin mai talla a kasuwa.
Mu sha magani har ranar da aka ce.
Kada mu ba maƙwabci ragowar namu.
Kowane yaro da tasa reza.

Mai karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Sai mako mai zuwa, Allah ya ba mu lafiya.