Rogon Batsari da Furar Safana: Abin da Baƙo Ke Tararwa a Gefen Dajin Rugu

Wanda ya shiga Batsari ranar Alhamis, rogo zai fara gani kafin ya ga kasuwar kanta. Ga shi tsibi-tsibi a ƙasa, ga shi cikin buhuna ana lodawa a motocin da za su nufi Katsina. Garin ya yi suna da rogo da dankali, mutanensa kuwa ba sa jin kunyar wannan suna, har tsokanar baƙo suke yi da shi. Zumunci ne ya kai ni, wajen abokai biyu da muka yi makaranta tare, ɗaya a Batsari ɗaya a Safana, kuma kowannensu ya ɗaura ɗamarar nuna mini cewa tukunyar garinsu ta fi.

Kwaɗon rogo aka fara ajiye mini. An dafa shi ya yi laushi har yana tsagewa, an zare jijiyar tsakiya, an yayyanka, an barbaɗe da dakakken ƙuli-ƙuli da yaji da albasa, sannan aka yaryaɗa man gyaɗa. 'Yan birni na yi masa kallon abincin talaka, amma wanda ya ci na ƙasar da aka tone shi da safe ya san akwai bambanci. Rogo dai baƙo ne a ƙasar Hausa. Daga Kudancin Amurka Turawan Fotugal suka kawo shi gaɓar Afirka a ƙarni na 16, ya yi ta hawowa arewa sannu a hankali, yau ga shi Najeriya ta fi kowace ƙasa a duniya noma shi. Manomi na son sa ne domin yana jure ƙasa mai yashi da ƙarancin ruwa, kuma yana iya jira a cikin ƙasa har ranar da aka buƙace shi. Aibinsa guda ne: da an tone shi, kwana biyu zuwa uku ya fara baƙi. Saboda haka arzikin mai rogo a kan hanya yake. Idan mota ba ta shigo ba, ko direba ya ji tsoron hanya ya juya, wahalar shekara ta ruɓe a gabansa.

A Safana kuwa, mahaifiyar abokina ba ta bari na zauna sosai ba sai ga ƙwarya da ludayi. Ta ce, "Ɗana, sha ka jiƙa maƙoshi, tuwo sai dare." Furar gero ce da aka surfa aka daka da citta da kanumfari da barkono, aka dafa aka kirɓa, aka dama da kindirmo. A nan ne hirarmu ta tsaya ta daɗe, domin a wannan yanki ƙwaryar fura ba ta cika sai da hannu biyu. Geron na manomi ne, nonon na makiyayi. Gero tsohon ɗan gida ne, masu binciken tarihi sun samo alamun nomansa a arewacin Mali tun fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Nonon kuma daga rugagen da ke gefen Dajin Rugu matan Fulani ke ɗauko shi, su zaga gidajen da suka saba, a ba su hatsi ko kuɗi, wani lokaci har bashi a tsakani. Bayan girbi shanu su shiga gona su ci kara su bar taki. A kan wannan cuɗanya aka gina abincin Safana da Runka da Zakka da Ruma, kuma ita ce ta tsinke a shekarun da bindiga ta mamaye dajin. Shanun da ba a sace ba aka gudu da su, mai tallan nono ta ji tsoron shiga gari, mutanen gari suka ji tsoron shiga daji. Gidaje da yawa suka koma dama fura da nonon da aka haɗa da madarar gari. Yana cika ciki, amma harshen da ya san kindirmo ba ya ruɗuwa.

Zaman ɗar-ɗar ba sabon abu ba ne a wannan ƙasa. A ƙarni na 19 nan ce iyakar da Katsina ke fuskantar hare-haren Maraɗi da Gobir, shi ya sa garuruwa irin su Ruma suka zama sansanin mayaƙa, kuma har yau hakimin Batsari sarautar Sarkin Ruma yake riƙe da ita, na Safana kuwa Yariman Katsina. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ta Kurfi da Zakka ya bi zuwa Zurmi a 1853 kan hanyarsa ta Sakkwato, cikin ayari, domin mutum ɗaya ba ya ratsa dajin. Bambancin shi ne a wancan zamani abokin gaba daga nesa yake zuwa. Na yanzu, sau da yawa, an san uwarsa, an sha nonon gidansu.

Game da wurin hirar dare kuwa, baƙon da ya zo neman tsoffin mashaya irin waɗanda matafiya ke yabo a biranen Turai zai sha yawo a banza. A da can Maguzawan ƙasar Katsina na dafa giyar dawa domin biki da gayya, kuma garuruwa da dama suna da gidajen burkutu a bayan gari. Musulunci ya daɗe da rage wannan, sannan shari'ar da jihar ta fara aiki da ita a 2000, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, ta hana sayar da giya a sarari. Wurin hirar dare na maza a nan teburin mai shayi ne da tukubar mai tsire. Benci biyu, tukunya a kan garwashi, gwangwanayen madara an jera, burodi a leda, sai kaskon soya ƙwai da Indomie da samari suka ɗora wa rai. A gefe kuma wani na kaɗa shayin Buzaye a 'yar buta, mai ɗaci da kumfa, ana zagayawa da ƙananan kofuna. A nan ake jin farashin buhun gero, da wanda zai aurar da 'ya, da hanyar da ba a bi gobe. Na fi yarda da labarin da na ji a kan bencin nan fiye da wanda na karanta a sanarwar hukuma.

Masu teburin nan sun ga tasku. A Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomin da abin ya shafa, ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, a Satumba kuma aka katse layukan waya, Batsari da Safana duk suna ciki. Mahauci ya rasa inda zai sayi dabba, tukuba ta huce, mai shayi ya koma kwashe kayansa tun kafin a idar da sallar isha'i. A 2025 aka ƙulla sulhu da wasu masu riƙe da makamai a Batsari, sai Jibiya da Safana suka biyo baya. Ra'ayin abokaina ya rabu a kai. Na Batsari yana ganin ko ba komai an koma gonakin da aka bari shekaru, na Safana kuwa yana tuna sulhun 2019 da bai yi ƙarko ba, yana cewa wanda bai ajiye bindiga ba hutawa kawai yake yi. Ban raba musu gardama ba. Abin da na lura da shi shi ne hira na kaiwa dare a bakin titi, kuma na ga ƙoren nono a kasuwa.

Daren ƙarshe tuwon dawa aka yi da miyar kuka, ta ji daddawar kalwa da man shanu, da busasshen kifi daga madatsar Zobe ta wajen Dutsin-Ma. Da safe koko da ƙosai, sai ƙullin rogo da aka cusa mini a mota duk da na ce ya isa.

Shawarata ga mai aboki ko ɗan'uwa a wannan yanki ita ce kada ya yanke zumunci saboda labarin rediyo. Ya kira mai masaukinsa tukuna ya ji halin da hanya ke ciki, ya yi tafiyar rana, ya bi abin da aka ce masa. Idan ya isa kasuwa ya sayi rogo wajen manomi, ya sayi nono wajen Bafulatana, domin cinikin nan ne ke sa kowannensu ya sake dawowa mako mai zuwa. Hukuma kuma ta gyara hanyoyin ƙauyuka, ta taimaka da injinan sarrafa rogo a Batsari, don kada amfanin gonar mutane ya ci gaba da ruɓewa a bakin titi.