Wasan da ke sauraren bugun zuciyar yaro

Uwar da ke ɗauko ɗanta daga Maigatari ko Gagarawa zuwa asibiti don a yi masa gashin ƙashi ta san ba ranar farko ce mai wuya ba. Wuyar tana mako na shida, ranar da yaron zai ƙi miƙa hannu ko da alewa aka nuna masa. Yaron da doguwar naƙuda, shawara ko sanƙarau suka taɓa wa ƙwaƙwalwa, gaɓoɓinsa ba sa koyon motsi sai an yi ta maimaitawa, maimaici kuwa ko babba yana gundurarsa.

Shi ya sa aka fara mayar da gashin wasa. Kamfanin Nintendo ya fitar da na'urar wasan bidiyo ta Wii a 2006, a 2008 kuma Judith Deutsch da abokan aikinta a Amurka suka ba da rahoton gwada ta a kan yaro ɗan shekara 13 mai irin wannan lalura. Sai dai wasa ma yana da tasa matsalar. In ya yi sauƙi yaro ya yi hamma, in ya yi wuya ya fashe da kuka, wasu yaran kuma bakinsu bai buɗe ba balle su faɗa.

A Zurich ta ƙasar Suwizalan, masu bincike sun nemi amsar a jikin majinyaci. Suna auna bugun zuciya, numfashi da gumin yatsu. Idan mutum ya tsorata ko ransa ya ɓaci, gumi kaɗan kan tsattsafo, lantarki ya fi ratsa fatar, kwamfuta ta lura ta sassauta wasan. Idan ta ga jiki ya yi lakwas, ta ƙara masa wuya. Aikin da mai gashi ke yi da ido ke nan, illa dai ita ba ta da layin mutum talatin a bakin ƙofa.

Ni inda nake da ja shi ne gumin. An gwada waɗannan na'urori a ɗakuna masu sanyi. A Gumel, cikin Afrilu, zafi kan haura digiri 40, kowa jiƙe yake sharkaf, mai murna da mai fushi. Motsa jikin kansa ma yana ɗaga bugun zuciya. Kafin a kawo irin wannan na'ura ƙasar Lautai, wato Gumel, sai an zaunar da ita da yaranmu cikin zafinmu, uwa tana gefe tana cewa, "A'a, wannan ba fushi ba ne, ƙishirwa yake ji."