BABI NA UKU: KAFA SUTUDIYON ƊAUKAR WAƘA A GIDA DA KAYAN AIKI MASU RAHUSA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda waƙar Hausa ta tashi daga fada da dandali da gidajen biki ta shiga faifai da kaset. Wannan babi kuwa zai dubi wurin da ake ɗaukar waƙoƙin zamani masu yawa a yau, wato ƙaramin sutudiyon da matasa suke kafawa a ɗakunan gidajensu ko a shagunan haya. Za a kawo ma'anarsa da taƙaitaccen tarihinsa, sannan a yi bayanin kayan aikin da yake buƙata, da yadda ake shirya ɗakin, da kuma matsalolin da suka keɓanta ga ƙasar Hausa. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, kyan sauti ya fi rataya a kan ɗakin da aka yi ɗaukar da kuma sanin mai ɗaukar, fiye da tsadar na'urori. Sanin haka yana da muhimmanci, domin akan sami matashi ya tattara ɗan jarinsa kaf ya sayi makirfo mai tsada, daga baya ya tarar waƙar da ya ɗauka ba ta shiga kunne, saboda amsa-kuwwar ɗaki da ƙugin janareto.

3.1 Ma'anar Sutudiyon Gida

Sutudiyo kalmar aro ce daga Ingilishi. A wannan nazari ana nufin ɗakin da aka keɓe, aka tanadar masa na'urori, domin ɗaukar murya da kiɗa da tace su har su zama waƙar da za a iya fitarwa ga jama'a. Sutudiyon gida kuwa shi ne wanda mutum ɗaya ko mutum biyu suka kafa da kuɗin aljihunsu, a ɗakin da tun asali ba don wannan aiki aka gina shi ba. Wannan siffa ta ƙarshe ita ce tushen yawancin matsalolin da za a gani nan gaba.

3.2 Taƙaitaccen Tarihi

A da, ɗaukar waƙa aikin manyan hukumomi da kamfanoni ne. Makaɗa irin su Alhaji Musa Ɗanƙwairo da Alhaji Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos sun fi samun shiga kunnuwan jama'a ta gidajen rediyo, musamman na Kaduna wanda aka buɗe a 1962, da kuma kamfanonin faifai irin su EMI. Makaɗin da bai sami wannan dama ba, sai dai wani mai sha'awa ya ajiye rikoda a gabansa a wurin biki.

A ƙasashen Turai da Amurka al'amarin ya fara sauyawa a 1979, lokacin da kamfanin TEAC na Japan ya fito da na'urar Portastudio 144, wadda take ɗaukar layi huɗu na sauti a kan kaset ɗin da kowa ya sani. Layi huɗu yana nufin mawaƙi zai iya ɗaukar kiɗa a layi ɗaya, ya dawo ya ɗora murya a wani, ba tare da ya goge na farko ba. Da irin wannan na'ura ce mawaƙin Amurka Bruce Springsteen ya ɗauki kundin waƙoƙinsa mai suna Nebraska a ɗakin gidansa, aka fitar da shi a 1982. A 1983 aka samar da tsarin MIDI, wanda ya ba fiyanon lantarki damar yin magana da wasu na'urori, daga baya kuma kwamfuta ta maye gurbin kaset gaba ɗaya. A 2019 Billie Eilish ta fitar da kundinta na farko wanda aka ɗauki mafi yawansa a ɗakin kwanan yayanta Finneas a Los Angeles, kuma a 2020 ya ci kyautar Grammy ta kundin shekara.

A Kano kuwa, finafinan Hausa ne suka buɗe wannan hanya. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, buƙatar kiɗan fim ta yi ta ƙaruwa, har a rabi na biyu na shekarun 1990 ƙananan sutudiyo irin na Iyan-Tama suka rungumi fiyanon Yamaha samfurin PSR. Da wannan fiyano mutum ɗaya yake kwaikwayon ganguna da sarewa da goge, ya yi aikin da a da sai ƙungiyar makaɗa.

3.3 Kayan Aiki

Sauti yana bin hanya ɗaya ce a kowane sutudiyo: daga bakin mawaƙi zuwa makirfo, zuwa katin sauti, zuwa kwamfuta, sannan ya fito ta lasifika ko hedifon. Duk inda aka sami rauni a wannan hanya, to, a nan sautin zai lalace, komai ingancin sauran.

3.3.1 Makirfo

Makirfo iri biyu aka fi amfani da su. Na farko shi ne mai maganaɗisu, wanda ake gani a hannun masu wa'azi da mawaƙan dandali, kamar Shure SM58 da aka fara ƙerawa a 1966. Ba ya buƙatar a ba shi wuta, yana jure faɗuwa da ƙura, kuma saboda akan kusantar da shi ga baki, muryar mawaƙi tana rinjayar hayaniyar waje. Na biyu shi ne wanda masu sana'ar suke kira kwandensa, kamar Audio-Technica AT2020. Wannan yana buƙatar wuta mai ƙarfin bolt 48 daga katin sauti, kuma yana da kaifin ji ƙwarai, yana fito da zaƙin murya da shaƙar numfashi. Sai dai kaifin jin nan nasa shi ne kuma aibinsa, domin zai ɗauko carar zakara da dakan maƙwabta da ƙarar babur. Saboda haka wanda yake zaune a gidan yawa ko a bakin titi, makirfo mai maganaɗisu ya fi masa amfani.

3.3.2 Katin Sauti

Katin sauti, wanda ake kira sawunkad a bakin masu sana'ar, ƙaramin akwati ne da yake ƙara wa siginar makirfo ƙarfi, sannan ya mayar da ita lambobin da kwamfuta take ganewa. Mai ƙofa biyu, irin Focusrite Scarlett 2i2, ya wadatar da mai farawa, kuma yana shan wutarsa daga kwamfuta ta wayar USB. Yawanci akan saita shi ya auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa, wanda shi ne ma'aunin faifan CD. Babban kuskuren masu koyo a nan shi ne murɗa ƙarfin makirfo har fitila ta nuna ja. Idan sauti ya haure iyakar na'ura yakan fashe, kuma wannan fashewa ba ta gyaruwa yadda ya kamata. Abin da ya dace shi ne a bar mafi ƙarfin muryar ya tsaya kimanin desibel 6 zuwa 12 ƙasa da iyakar.

3.3.3 Kwamfuta da Manhaja

Kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, wato wadda aka taɓa amfani da ita, tana iya wannan aiki muddin batirinta yana riƙe caji. Manhajojin da suka yi fice sun haɗa da FL Studio da Cubase, waɗanda ake saye, da kuma Audacity wadda ta fito a 2000 kuma kyauta ce. Ya kamata a riƙa kwafe kowane aiki a wata ma'ajiya ta daban, domin lalacewar kwamfuta ɗaya tana iya tafiya da wahalar shekara guda.

3.3.4 Hedifon da Lasifika

Lokacin ɗaukar murya, da hedifon mai rufe kunne gaba ɗaya mawaƙi yake sauraron kiɗa, don kada kiɗan ya tsiyayo ya koma cikin makirfo. Lokacin tacewa kuwa ana buƙatar lasifikar da ba ta ƙara wa sauti armashi, wadda take faɗin gaskiyar abin da aka ɗauka. Akan ajiye lasifika biyu daidai tsayin kunne, ta yadda nisan da ke tsakaninsu zai yi daidai da nisan kowacce da mai sauraro. Wanda kuɗinsa bai kai ba yana iya farawa da hedifon kaɗai, sannan ya riƙa gwada waƙar a wayar salula da rediyon mota, tun da a nan ne jama'a za su ji ta.

3.4 Shirya Ɗaki

Wannan shi ne fasalin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali shi ne ginshiƙin aikin. Matsaloli biyu ne a nan, kuma sau da yawa akan cakuɗa su.

Matsala ta farko ita ce hana ƙarar waje shigowa, da hana ta ciki fita ta dami maƙwabta. Abin da yake tare sauti shi ne nauyi da toshe kafofi. Bango mai kauri, da ƙofa mai nauyi, da liƙe ƙasan ƙofa da gefen taga, su ne magani. Ta wannan fuska, tsohon ginin ƙasa mai rufin soro ya fi ɗakin bulo mai rufin kwano, domin kwano ba shi da nauyi, kuma da damina saukar ruwa a kansa kaɗai ta isa ta tsayar da aiki. Ɗakin da yake can ƙurya, nesa da zaure da titi, ya fi dacewa.

Matsala ta biyu ita ce amsa-kuwwar cikin ɗakin. Sauti yakan bugi bangon siminti ya dawo wa makirfo jim kaɗan bayan muryar asali, sai waƙar ta fito kamar an rera ta a cikin rijiya. Maganin wannan shi ne abubuwa masu taushi da kauri waɗanda suke shanye sauti, kamar katifa da bargo da labule mai nauyi da darduma. Akan fara da bangon da ke bayan mawaƙi, domin nan ne makirfo yake fuskanta, sannan bangon gefe da na gefe. Kiret ɗin ƙwai da ake yawan gani a manne a bangon ƙananan sutudiyo ba ya tare ƙarar waje ko kaɗan, abin da yake shanyewa na ciki ma ƙalilan ne, ga shi kuma abincin gobara ne.

Girman ɗaki shi ma yana da tasiri. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Idan aka raba wannan da ninkin tsawon ɗaki, za a sami amon da ɗakin yake kumburawa. Alal misali, ɗaki mai tsawon mita 4 yana kumbura amon da yake kaɗawa kimanin sau 43 a daƙiƙa, wato amo mai kauri irin na babbar ganga. Idan tsawo da faɗin ɗakin daidai suke, kumburin yakan taru a kan amo ɗaya ya yi muni, har mai tacewa ya zaci kiɗan ya cika kauri ya rage shi, alhali ɗakin ne yake yaudararsa. Don haka ɗaki mai tsawo fiye da faɗi ya fi kyau, kuma ba a kafa makirfo a kusurwa ko a tsakiyar ɗaki cif.

3.5 Lantarki da Zafi da Ƙura

Wutar lantarki a Nijeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma idan ba a ɗaure wayar ƙasa da kyau ba, wannan kaɗawa takan shiga sauti ta zama ƙugi. Wayar makirfo mai ƙafa uku, wato XLR, tana rage wannan matsala, haka nan raba wayoyin sauti da na wuta. Hanya mafi sauƙi ita ce a zare kwamfuta daga soket a yi ɗaukar da batirinta. Wannan yana ba da damar kashe janareto, kuma ɗaukewar wuta ba za ta katse aiki ba. Dangane da zafi kuwa, dole ne a kashe fanka lokacin ɗauka, saboda haka akan yi aikin a gajarce, a riƙa buɗe ƙofa ana shan iska, ko a bari sai dare ya yi gari ya yi tsit. Ƙurar hunturu da laimar damina suna lalata makirfon kwandensa, don haka a riƙa mayar da shi akwatinsa bayan an gama.

3.6 Ɗaukar Waƙar Hausa

Mawaƙi yakan tsaya kimanin taki ɗaya daga makirfon kwandensa. Baƙaƙe irin su /f/ da /b/ suna fitowa da iskar da take bugun makirfo, shi ya sa ake sa matacin iska a tsakani, wanda za a iya haɗawa a gida da zoben waya da yadi mai shara-shara.

Waƙar Hausa ta gargajiya ta ginu ne a kan jagora da 'yan amshi, ga kuma kayan kiɗa masu ƙarfi irin su kalangu da kotso da algaita. Katin sauti mai ƙofa biyu ba zai ba kowa makirfonsa ba. Akwai mafita biyu. Ta farko, a ɗauki kiɗa tukuna, sannan jagora, sannan amshi, layi bisa layi. Wannan yana ba da sauti mai tsabta, amma yana iya sanyaya karsashin da makaɗa suke samu idan suna kallon juna. Ta biyu, a ba jagora makirfo ɗaya, a sa 'yan amshi su zagaye na biyu, masu ganguna kuma su ja baya gwargwadon ƙarfin kiɗansu. Ga makaɗan baka, waɗanda suke ƙago baiti nan take, hanya ta biyu ta fi dacewa.

Wannan batu yana da nauyi, domin fiyano ba ya iya kawo lanƙwasar amon kalangu, wadda makaɗi yake samarwa ta matse tsirkiya a hammatarsa har gangar ta bi karin sautin harshe. Sutudiyo mai rahusa ya rage wa makaɗan gargajiya kasuwa, amma kuma shi ne hanya mafi sauƙi ta taskace kiɗan dattawan da suka rage, tun kafin su ƙaura da shi.

3.7 Naɗewa

Wannan babi ya nuna cewa sutudiyon gida ya samo asali ne daga arahar na'urori, tun daga Portastudio ta 1979 har zuwa kwamfutar yau, kuma finafinai ne suka dasa shi a Kano. An ga kuma cewa mai ƙaramin jari ya kamata ya fara da zaɓen ɗaki mai shiru da rage masa amsa-kuwwa, sannan ya sayi makirfon da ya dace da muhallinsa, da katin sauti da hedifon, ya bar lasifika zuwa ƙarshe. A babi na gaba za a dubi tasirin waɗannan sutudiyo a kan salo da jigogin waƙoƙin Hausa na zamani.