Masunta da wurin ibadar Munakata a Japan: zumuncin da ya kare tsibiri mai tarihi

A ranar 1 ga watan Oktoba na kowace shekara, jiragen masunta fiye da 100 da aka ƙawata da tutoci kan yi jerin gwano a Tekun Genkai da ke lardin Fukuoka na ƙasar Japan. Wannan shi ne bikin Miare na wurin ibadar Munakata, ɗaya daga cikin tsofaffin cibiyoyin Shinto, addinin gargajiya na Japanawa.

Wurin ibadar ya kasu gida uku: ɗaya a gaɓar Kyushu, ɗaya a tsibirin Oshima, na uku kuma a tsibirin Okinoshima mai nisan kimanin kilomita 60 daga gaɓa. Mabiya Shinto sun yi imani cewa ababen bauta mata guda uku da ke waɗannan wurare su ne ke tsare matafiya a teku. Ranar bikin, masunta kan ajiye koma, su rako tawagar ibada daga Oshima zuwa gaɓa, suna roƙon kariya da yalwar kifi.

Tushen wannan alaƙa daɗaɗɗe ne. Daga ƙarni na 4 zuwa na 9, an riƙa yin sadaukarwa a Okinoshima domin jiragen da ke zuwa Koriya da Sin su sauka lafiya. Masu binciken kayan tarihi sun tono abubuwa kusan 80,000 a can, ciki har da madubban tagulla da zoben zinariya.

Abin da ya sa wannan dukiya ta tsira shi ne tsauraran ƙa'idojin da masunta suka kiyaye kaka da kakanni. Ba a ɗaukar ko tsinke daga tsibirin, ba a ba da labarin abin da aka gani, mata ba sa shiga, kuma namiji sai ya yi wankan tsarki a teku kafin ya taka ƙasarsa. A shekarar 2017 hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin wuraren tarihi na duniya.

Sai dai yawan masunta na raguwa a Japan, waɗanda suka rage kuma tsufa na cim musu. Idan matasa suka ci gaba da ƙaurace wa sana'ar, bikin zai rasa jirage, tsibirin kuma ya rasa idanun da ke gadinsa.