In Baƙin Mai Ya Yi Zafi Bayan An Sake Haɗa Inji

Akwai wani abokinmu da ke da tsohuwar mota ƙirar Jamus, irin masu ƙofa biyu waɗanda aka ƙera domin gudu. Kwanakin baya injinta ya buga, watau metal ɗin da karanshaf ke juyawa a cikinsa ya cinye, har ya shiga ƙara kamar ana daka. Ya kai ta gareji, aka sauke injin aka wargaza shi, aka ƙara wa silinda faɗi, aka sa sababbin fistan da zobbansu, da sabon metal. Da yake mutum ne mai son gudu, sai ya sa aka ƙara wa injin ƙarfi fiye da yadda maƙeransa suka yi shi. Wata uku motar tana gareji, kuɗin da ta ci kuwa sun isa sayen wata ƙaramar mota.

Da aka gama, ya ɗauke mu muka kama hanyar Zariya zuwa Kano, cikin watan Afrilu, da azahar. Ba mu kai Kwanar Dangora ba sai muka ga allurar da ke nuna zafin baƙin mai ta haura digiri 130, alhali kuwa da can ba ta wuce 105. Allurar ruwa kuwa tana nan inda ta saba. Muka ratse gindin wata bishiya, ya buga wa bakanikensa waya. Bakanike ya ce, "Ranka ya daɗe, ai sabon inji ne, tilas ya yi zafi. Kawo ta gobe mu zuba mata mai mai kauri, mu cire tamostat, shi ke nan."

Wannan amsa ita ta sa muka ɗauki alƙalami. Rabinta gaskiya ne, ɗaya rabin kuwa yana iya jawo asarar injin ɗungum. Ya kamata mai mota ya san yadda zai rarrabe tsakaninsu.

AIKIN BAƘIN MAI

Yawancin mutane sun ɗauka aikin baƙin mai bai wuce sa ƙarafa su yi santsi ba. Yana da wani aiki kuma, watau kwashe zafi. In aka ƙona fetur cikin inji, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kaɗai na ƙarfinsa ke juya ƙafafun mota. Kashi ɗaya yana fita ta salansa, sauran kuwa zafi ne da ke shiga jikin ƙarfe. Ruwan lagireto yana zagaya silinda da kan inji, amma ba ya kaiwa ga karanshaf, ko metal, ko ƙarƙashin fistan. Waɗannan wurare baƙin mai ne kaɗai ke sanyaya su.

Wanda ya so ya ga girman wannan aiki, sai ya dubi motar nan Porsche 911, wadda aka fara nuna wa jama'a a Frankfurt cikin 1963. Har zuwa 1998 injinta ba shi da ruwan lagireto ko kaɗan, iska da baƙin mai ne ke sanyaya shi. Saboda haka takan sha mai kimanin lita 10 ko fiye, alhali motar gida takan ƙoshi da lita 4 ko 5.

Mai yana da zafin da ya fi dacewa da shi, watau tsakanin digiri 90 da 110 a ma'aunin Salshiyas. In ya cika sanyi, ruwa da fetur da ke sulalewa cikinsa ba za su ƙafe ba, sai ya zama dagwalo. In kuma ya cika zafi, sai ya tsinke kamar ruwa, ya kasa raba ƙarfe da ƙarfe. Masana sun lura cewa duk lokacin da zafin mai ya ƙaru da digiri 10, saurin lalacewarsa yakan ninka kusan sau biyu. Man gargajiya ba ya son ya daɗe sama da digiri 120 ko 130. Wanda ake kira sintetik ya fi shi jimiri, amma shi ma in ya kusanci 150 ya zo gaɓa.

ZAFIN DA BA LAIFI BA NE

To, ina gaskiyar bakanike? Inji in an sake haɗa shi, ƙarafansa ba su san juna ba tukuna. Cikin silinda akwai ƙananan zane-zane da aka bari da gangan a wajen gogewa, domin su riƙe mai, su kuma ci zobban fistan kaɗan kaɗan har su zauna daram. Kafin su zauna, gugar juna tana da yawa, kuma hayaƙi mai zafi yakan kuɓuce ta gefen zobba ya faɗa cikin mai. Saboda haka ƙarin zafi na 'yan digiri ba abin tsoro ba ne cikin kilomita 1,000 ko 1,500 na fari. Alamarsa ita ce yana raguwa a hankali, kuma da an sassauta totur sai allura ta sauko.

Na biyu, wanda ya ƙara wa inji ƙarfi ya ƙara masa zafi, ba makawa. Ƙarin ƙarfi ƙarin fetur ne da ake ƙonawa, ƙarin wuta kuwa ƙarin zafi ne. In an ɗora wa injin turbo, shi ma da baƙin man inji yake aiki, ga shi kuma yana zaune cikin hayaƙin da zafinsa kan kai ɗaruruwan digiri. Kayan sanyaya man da maƙera suka sa sun auna su ne daidai da ƙarfin injin na asali. Bugu da ƙari, motar da aka ƙera domin ƙasa mai sanyi, in ta zo inda zafin rana kan wuce digiri 40 cikin bazara, kamar Sakkwato ko Maiduguri, iskar da ake so ta sanyaya mai ita kanta da zafinta take zuwa.

ZAFIN DA KE NUNA KUSKURE

Amma tashi daga 105 zuwa 130 ya wuce sabuntar inji. Ruwa ba ya tsami banza. Ga wuraren da laifi ya fi ɓuya.

Na farko shi ne ratar da ke tsakanin karanshaf da metal. Karanshaf ba ya taɓa metal in inji yana da lafiya, yana yawo ne bisa wani siririn shimfiɗin mai. Ƙa'idar da masu haɗa inji suka saba bi ita ce, ratar ta zama kimanin kashi ɗaya cikin dubu na kaurin sandar. Alal misali, in kaurin sanda milimita 50 ne, ratar ta zama kusan milimita 0.05, watau bai kai kaurin gashin kai ba. In ta gaza haka, mai ba ya wucewa da yawa, wanda ya shiga kuwa sai ya niƙu ya ɗau zafi. Wannan rata ba a gane ta da ido, ba a kuma gane ta da juya karanshaf da hannu. Sai an auna da ma'aunin ƙarfe mai kaifin lissafi, ko da zaren nan Plastigauge da ake matsewa tsakanin ƙarafan a duba faɗinsa.

Na biyu shi ne lagireton mai, watau ƙaramin lagireton da baƙin mai ke bi ta cikinsa ya huce. In inji ya taɓa cinye metal, garin ƙarfen yakan bi mai ya maƙale cikin ƙananan hanyoyin wannan lagireto. Sai a gyara inji fes, a mayar masa da tsohon lagireto toshe. Ta waje kuma ƙurar hunturu takan haɗu da maiƙo ta liƙe haƙarƙarinsa. Wasu motocin suna da tamostat na mai, wanda ke buɗe wa mai hanyar lagireto in ya ɗau zafi. In ya maƙale, mai ba zai taɓa zuwa can ba.

Na uku shi ne saiti. In taimin ya yi latti, watau fulogi bai ba da wuta a kan kari ba, fetur yakan ci gaba da ci har ya fita ta salansa, inji ya gasu. In ya yi gaggawa kuma, sai fistan ya riƙa shan bugu. Haka nan in iska ta yi wa fetur yawa, wutar takan fi zafi. Injin da aka canza wa kaya tilas a sake masa saiti, tsohon ba zai yi masa ba.

Na huɗu shi ne cika mai fiye da alama. Wasu suna tsammanin ƙari alheri ne. In mai ya yi yawa, karanshaf yakan riƙa kaɗa shi kamar ana burga miya, ya yi kumfa. Kumfa kuwa ba ta riƙe ƙarfe, ba ta kuma kwashe zafi.

MAGANIN DA BA MAGANI BA NE

Yanzu sai mu koma ga shawarar bakanike. Mai mai kauri, kamar 20W-50, yakan sa allurar matsin mai ta tashi, mai mota ya ga kamar an yi gyara. Amma in rata ta matse, mai mai kauri ya fi wahalar ratsa ta, zafi ma sai ya ƙaru. Kaurin mai ana zaɓensa ne bisa ratar da aka haɗa injin da ita, da abin da maƙera suka rubuta.

Cire tamostat na ruwa kuwa, wanda ya zama al'ada a garejinmu da yawa, ba ya buɗe lagireton da ya toshe, ba ya kuma faɗaɗa rata. Abin da yakan jawo shi ne inji ya daɗe bai ɗumama ba. A motocin zamani, kwamfutar inji in ta ga sanyi sai ta yi ta ƙara fetur, ragowarsa ya wanke man jikin silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai.

YADDA ZA A BINCIKA

Shawararmu ita ce a fara da abin da ba ya cin kuɗi. A tabbata allurar kanta gaskiya take faɗa: a cire ma'auninta a tsoma cikin tafasasshen ruwa, ya kamata ta nuna kusan digiri 100. A duba ko an mayar da ma'aunin wurinsa na da, domin zafin mai ba ɗaya ba ne a kowane sashe na inji. A duba yawan mai da lambarsa. In inji ya ɗau zafi, a auna bututun da ke shiga lagireton mai da wanda ke fita: in duka biyu suna da sanyi, mai ba ya zuwa. A duba taimin. A lura da matsin mai, domin zafi mai hawa tare da matsi mai sauka alama ce ta a kashe inji nan take. Sa'an nan a yanka matatar mai a buɗe takardar cikinta. In aka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe mai yawa, ko mai launin jan ƙarfe, to, metal ya fara ci, sauke injin ya fi arha bisa jiran ya buga.

Abokinmu bai kai motar a zuba mata mai mai kauri ba. Ya sa aka ɗauko ta bisa babbar mota, aka bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan lagireton mai, sai aka tarar tsohon ne aka mayar, cikinsa cike da garin metal ɗin da ya cinye tun farko. Aka sa sabo wanda ya fi shi girma, aka zubar da man, aka sake saiti. Matata ta nuna sabon metal bai kai ga lalacewa ba, domin mun tsaya da wuri. Da ya ci gaba da tafiya ran nan har Kano, da aikin wata uku ya tafi a banza.

Saboda haka muna roƙon masu motoci, in za su karɓi injin da aka sake haɗawa, su tambayi bakanike abu uku: nawa ya auna ratar metal, wane mai ya dace da ita, kuma me ya yi da tsohon lagireton mai. Bakaniken ƙwarai ba zai ji haushin tambayar ba, domin yana da amsarta a rubuce.